Sahu Ya Cika, Amma Wa Ya Koro Samarin Daga Gona?

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin manyanmu, daga kan mumbari har zuwa zauren 'yan siyasa: wai alhamdu lillahi, samari sun dawo ga addini, saboda haka gyara yana tafe. Hujjarsu a fili take. Shiga wajen tafsiri a Kaura Namoda da azumi, masu ƙananan shekaru za ka fi gani. Sahun asuba a Shinkafi da Zurmi ya daina zama na tsofaffi kaɗai. Yaron da bai mallaki tiyar gero ba yana da karatun malamai goma a wayarsa, ya san wanda ya yi wa wane raddi daren jiya.

Turawa ma sun shiga irin wannan murna. A 2025 wata ƙungiyar yaɗa Littafi Mai Tsarki a Ingila ta fitar da rahoto cewa matasa, musamman maza, suna komawa coci, jaridu suka yi ta yayatawa, ko da yake masana ƙididdiga sun ja da alƙaluman. Can da nan, tambayar da ake gudu ɗaya ce: me ya koro saurayin?

Ba ni da ja a kan imanin yaran nan, Allah ne masanin zukata. Rigimata da masu tafa musu ce, domin kallon kitse suke yi wa rogo, kuma wasunsu da gangan suke yi.

Ɗauki saurayin wani ƙauye a ƙasar Zurmi. Gonar ubansa ga ta can ana hangowa, amma bai isa ya kai fartanya ba sai ƙauyen ya haɗa kuɗin da 'yan bindiga suka yanka. A biya kafin shuka, a sake biya kafin girbi, wani lokaci a kora su su nome gonar ɓarayin tukuna. Da abin ya fi ƙarfinsu suka kwaso tabarmi da tukwane suka shigo gari. Ya gwada kabu-kabu da babur ɗin wani. A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita zirga-zirgar babura, aka katse layukan waya, har kasuwar Shinkafi da ke tara fatake daga Nijar ta yi tsit. To ina zai nufa? Masallaci ne kaɗai wurin da ba a tambayarsa takarda ko ubangida. Akwai ruwa, akwai inuwa, yana haɗa kafaɗa da alhajin da ba ya amsa gaisuwarsa a waje. Ya yi daidai da ya je. Sai dai cikar wannan sahu, ban da shaidar imani, takardar tuhuma ce a kan waɗanda suka bari aka rufe masa sauran ƙofofi.

In da yawan shelar addini na gyara ƙasa shi kaɗai, da Zamfara ce abin koyi. A ranar 27 ga Oktoba 1999 Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, jama'a suka yi dafifi daga ko'ina a Arewa. Aka kafa ma'aikatar addini, da Hisba, da hukumar zakka. A Maris 2000 aka yanke hannun Buba Jangebe saboda satar saniya. Shekara 21 bayan haka, a garin Jangeben nan, aka kwashe 'yan mata 279 daga makaranta cikin dare ɗaya, shanu kuwa ana kora su garke-garke, ba mu ji an yanke ko farcen wani ba. Laifin ba na shari'a ba ne, na waɗanda suka tsaya da ita a kan talaka ne. Ƙididdigar hukumar ƙasa ta 2019 ta nuna kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen jihar suna cikin talauci. Makarantu suka lalace har sai da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023.

Za a ce ai ɓarayin jahilai ne, wa'azi suka rasa. An kai musu. A Fabrairun 2021 Shaikh Ahmad Gumi ya shiga dazukan Shinkafi ya zauna da su. Ban ga laifin zuwan ba, amma jagoran 'yan bindiga Bello Turji bai rataye bindiga ba. Sannan a Afrilun 2022 gwamnatin jiha ta tuɓe Sarkin Zurmi da na Ɗansadau bisa zargin hannu a harkar 'yan bindiga. Su ma samari ne da suka rasa tarbiyya?

Shehu Usmanu ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma abin da ya ja masa jama'a bai tsaya ga alwala da gyaran salla ba. Ya fito fili ya soki harajin zalunci da ƙwacen masu mulki, littafinsa Kitabul Farƙ yana nan ga mai son dubawa. A kan wannan kira irin su Namoda suka tashi. Yau kuwa, ban da 'yan tsirarun malamai masu ƙarfin hali, me ake ɗora wa samarin da suka cika gaban mumbari? Ƙabalu da sadalu, mauludi bidi'a ne ko ba bidi'a ba, wane ɗan Izala wane ɗan ɗariƙa. Kaura Namoda, garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga, yau 'ya'yansa da suka gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaura suna zaune a bakin titi suna musun wanda ya fi wani hadisi.

Abin tsoron ma yana gaba. Saurayi mai zafin addini, marar sana'a, mai ɗauke da haushin an kashe masa uba, kowa yana zawarcinsa: 'yan sa-kai suna so, ɓarayi suna neman mai kai musu rahoto, ga Lakurawa a Sakkwato da Kebbi suna tafe da wa'azi a baki da kuɗi a hannu. Kafin 2009 ma wajen karatun Muhammad Yusuf a Maiduguri cike yake da samari, kuma akwai waɗanda suka yi murna.

Saboda haka malamaina, Allah ya gafarta muku, yaran nan sun kawo muku kansu, amana ce. Ranar Juma'ar da shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa ya zauna a sahun gaba, ku tambaye shi a gaban jama'a yaushe mutanen Zurmi za su yi noma ba tare da biyan ɓarawo ba. In ya ce a ci gaba da addu'a, ku ce masa ana yi, shi aka zaɓa ya yi sauran.