Daga Madafa: Nama ko Kifi? Amsa ga Hajiyar Karaye Mai Shirin Shiga Jirgin Ruwa

  

A wannan watan na ajiye girkin da na yi niyyar kawo mana, saboda wata wasiƙa da ta zo mini daga Karaye, ba ta Kano ba, Karayen ƙaramar hukumar Maiyama a jihar Kebbi, maƙwabtan Jega. Mai wasiƙar dattijuwa ce. Ta ce ɗanta da ke aiki a Saudiyya ya biya musu Umara ita da mahaifinsa, kuma ya ce in an kammala zai kai su shaƙatawa ta 'yan kwanaki a cikin babban jirgin ruwa, irin wanda ake kwana a ci a sha a cikinsa kamar otal. Har ya karanta mata jerin abincin ta waya, ta ji ana ta ambaton sitek da abincin teku. Ta ce ita dai a rayuwarta ba ta taɓa shiga abin da ya wuce kwalekwale ba, kuma abu biyu ne suka hana ta barci: kada ta baro Ɗakin Allah ta je ta sa haram a cikinta, kada kuma ta ƙi cin komai ta kunyata yaron da ya kashe kuɗinsa.

To Hajiya, Allah Ya yi wa wannan yaro albarka. Amsata a taƙaice ita ce: a cikin jirgi kifi ne mafakarki, nama kuwa sai da tambaya. Amma bari mu bi abin daki-daki, domin na san akwai masu karatu da yawa da irin wannan tafiya za ta iya samunsu.

Da farko ki sa yaron ya faɗa miki sunan kamfanin jirgin, domin ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. A shekarar 2021 jirgin MSC Bellissima, na wani kamfanin Turai, ya fara ɗibar fasinja daga Jidda zuwa yawo a Bahar Maliya. A watan Disamba na 2024 kuma Saudiyya ta ƙaddamar da nata, mai suna Aroya, wanda ke ɗaukar fasinja sama da 3,000, kuma an fito da shi ne a kan tsarin abincin halal, babu giya babu caca. In irin wannan ne, kin huta da rabin damuwa. In kuwa jirgin Turawa ne da ke tashi daga wata ƙasa, to ƙa'idarsu ita ce mai buƙatar abinci na musamman ya sanar tun lokacin sayen tikiti, wasu ma makonni kafin tashi, saboda jirgi ba kamar gidan abinci na gari ba ne da za a aiki yaro kasuwa. Abin da aka loda a tasha shi za a ci. Wanda ya bari sai ya zauna a teburi sannan ya nemi naman halal, sau da yawa haƙuri za a ba shi.

Shi sitek ɗin ba wani abin tsoro ba ne. Tsokar saniya ce zalla, galibi daga gadon baya inda nama ya fi taushi, a yanko ta da kauri kamar yatsu biyu, a sa gishiri da masoro, a gasa a kan ƙarfe mai tsananin zafi na 'yan mintuna. Ɗan'uwan balangu ne, sai dai babu ƙuli babu yaji, kuma ba a barinsa ya daɗe a wuta. A nan ne gizo ke saƙar. Mai kawo abinci zai tambaye ki yadda kike son a gasa, domin su Turawa sun fi son cikinsa da ja. Ranar da aka fara ajiye mini shi a wani otal, ina yankawa na ga jan ruwa ya kwanta a faranti, wallahi tura shi na yi gefe na cika cikina da dankali. Daga baya na fahimci wannan ruwan ba jinin yanka ba ne, wani sinadari ne na cikin tsoka da ake kira mayogulobin, shi ke ba nama launinsa. Duk da haka ni har gobe ban iya ci ba, kuma ba na jin 'yar Kabi da ta saba da nama ya dahu luguf za ta iya. Kalmar da za ki riƙe ita ce "wel don", wato a gasa har ciki. Kada ki ji kunyar mayar da shi in ya zo da ja, haƙƙinki ne. Masana lafiyar abinci na cewa zafin tsakiyar irin wannan nama ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyas, niƙaƙƙen nama kuma 71. Mai juna biyu, da tsofaffi, da ƙananan yara, su ne suka fi buƙatar kiyaye wannan.

Babbar magana dai ita ce wa ya yanka. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, amma malamai sun yi saɓani a kan naman mayankar zamani ta ƙasashen Turai da Amurka, inda ake sumar da dabba kafin yanka kuma ba a san ko an ambaci sunan Allah ba. Ni ba malama ba ce, don haka Alhaji ya tambayi malamin da kuka amince da shi tun kuna gida. Abin da zan ce a matsayina na mai girki shi ne, wadda ta fito daga Umara zuciyarta na son natsuwa, in ba a nuna miki shaidar halal ba, ki bar naman. Babu wadda ta taɓa ramewa don ta yi kwana huɗu ba ta ci saniya ba.

Ko naman halal ne, ki kula da abin da aka zuba masa. Miyar da suke kwararawa a kan sitek, mai duhu-duhun nan, sau da yawa da giyar inabi ake haɗa ta, kuma maganar da ake yi cewa wuta na ƙone giyar duka ba gaskiya ba ce, saura na zama. Akwai kuma wani yanka mai taushi da suke naɗe gefensa da siririn naman alade don ya yi maiƙo. Ki ce a kawo miki nama tsurarsa, miya a gefe ko ma a bar ta.

Yanzu mu koma ruwa, inda Allah Ya yalwata mana. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai hadisin Abu Huraira, inda wani matafiyin teku ya yi tambaya a kan alwala da ruwansa, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar masa da tsarkin ruwan, ya ƙara da halaccin abin da ya mutu a cikinsa. Shi ya sa kifi ba ya buƙatar yanka, kuma ba ruwanki da addinin wanda ya kama shi. A mazhabarmu ta Malikiyya duk dabbar teku halal ce: jatan lande, ƙaguwa, da babban jatan landen nan mai ƙahonni da ake kira lobsta, wanda suke yawan haɗawa da sitek a faranti ɗaya a matsayin abincin alfarma. In kin ga wata Musulma 'yar Pakistan ko Turkiyya ta kauce wa ƙaguwa, kada ki rikice. Su Hanafiyya ne, a wurinsu kifi kawai ya halatta. Kowa da madogararsa.

Kuma Hajiya, in maganar kifi ake, ai ke ba baƙuwa ba ce. Mutumin da ya tashi kusa da gulbin Zamfara, ya ci tarwaɗa da karfasa na kasuwar Jega, ya ci bandar Yawuri, ya fito daga jihar da ake bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, ba za a tsorata shi da farantin kifi ba. Farin kifin teku da aka gasa bai da nisa da giwan ruwa a baki, tsoka ce fara mai ƙarancin ƙaya. Shi za ki nema, a gasa da mai da lemon tsami, a haɗo da shinkafa ko dankali. Abin lura a nan ma shi ne giya: masu ɓawo irin na katantanwa galibi a farar giyar inabi ake turara su, sannan ƙullun fulawar da ake tsoma kifi a ciki kafin suya wani lokaci da giya ake dama shi. Matambayi ba ya ɓata. Yaronki ya tambaya a kowane faranti, ko ya rubuta a 'yar takarda cewa ba alade ba giya a girki, a miƙa wa shugaban masu hidima tun daren farko. In an ba ku teburi guda na dindindin, masu hidimarsa ba sa canzawa, don haka faɗa ɗaya ta wadatar.

Sai batun lafiya, wanda na fi jin tsoro fiye da komai. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar jatan lande da danginsa, kuma abin na iya bayyana ko da girma ya zo. Alamarsa ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fuska, borin jini, in ya yi tsanani har numfashi ya sarƙe. Ga gwaji da kika riga kika yi ba ki sani ba: busasshen kirefish ɗin nan da muke dakawa a miya, ai ƙananan jatan lande ne. In yana sa ki ƙaiƙayi a gida, to ko kusa kada ki taɓa lobsta ko ƙaguwa. In ba ya yi miki komai, duk da haka ki fara da kaɗan, kuma da rana, ba da tsakar dare ba. Akwai asibiti a cikin jirgi, amma na kuɗi ne mai tsada, kuma in numfashi ya fara wuya ba a jira, nan take ake kiransu. Ɗanyen kifi da ɗanyun masu ɓawo da ake jerawa a kan ƙanƙara kuwa, ki wuce su da ido. Ga matasan da ke karanta mu: mai ciki ta guji manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu irin su shak, saboda sinadarin makuri da ke taruwa a jikinsu, kuma ku sani galibin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24.

Wani abu da zai ceci aljihun yaron: abincin babban zaure da na ɗibi-da-kanka yana cikin kuɗin tikiti, amma ɗakin cin sitek na musamman da na abincin teku yawanci sai an ƙara kuɗi a kan kowane mutum. Ba a karɓar kuɗi a hannu, katin ɗakinku ake gogawa, sai ranar sauka lissafi ya fito. Kada kara ta sa ki yi ta amsa duk abin da aka yi miki tayi.

Na san za ki so yin guzuri kamar yadda kakanninmu suka yi lokacin da suke ratsa Chadi da Sudan su tsallaka wannan tekun daga Sawakin zuwa Jidda. To jiragen yanzu galibi ba sa barin a shiga da nama ko dafaffen abincin gida, don haka kilishi ya tsaya a masauki. A tambaya ko za su bar ɗan garin yaji a rufaffiyar roba, domin in faɗa miki gaskiya, abin da za ki fi kewa ke nan, shi da albasar Aliero. Ki kuma riƙe busasshiyar citta, tana rage tashin zuciya in ruwa ya motsa, kuma a irin wannan rana ki bar nama mai maiƙo.

Saura wuƙa da cokali mai yatsu. Su suna riƙe wuƙa a dama su kai loma da hagu. Ke ki yayyanka namanki ko kifinki tukuna, ki ajiye wuƙar, ki mayar da cokalin hannun dama, ki yi Bismillah. Amurkawa ma haka suke sauya hannu, ba wanda zai kalle ki. In kina so, kafin tafiya ki sa mahauci ya yanko miki tsokar gadon baya mai kauri, ki gasa a kasko mai zafi da albasa, ku gwada ke da Alhaji a tsakar gida.

Allah Ya karɓi ibada, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. In kin dawo ki rubuto mana abin da kika ci.