Ta bar fim, mu kuma mun ƙi barin hotunanta



Ranar Asabar da ta wuce muna gidan suna a Bakura, wata ƙawata ta miƙo min waya. Hotuna biyu aka jera: a hagu yarinya mai gajeren gashi tana kokawa cikin ƙasa, a dama mace cikin hijabi, an rubuta "Allah Ya shirye ta". Mata suka yi ta Masha Allah, kowa na cewa a tura mata. Ni ma na ce a turo min. Sai da na dawo Mafara na kwanta, abin ya fara cin raina.

Yarinyar ita ce Zaira Wasim, 'yar garin Srinagar a yankin Kashmir. Duk mai kallon finafinan Indiya na fassara ta san ta, ita ce Geeta tana ƙarama a Dangal, fim ɗin Aamir Khan na 2016, inda uba ya sa aka aske wa 'ya'yansa mata gashi ya koya musu kokawa. Ta samu lambar yabo ta ƙasa a kansa, ta biyo da Secret Superstar a 2017. Ranar 30 ga Yunin 2019, tana da shekara 18, ta rubuta dogon bayani a shafukanta cewa ta bar harkar, domin aikin yana shiga tsakaninta da imaninta. Fim ɗinta na ƙarshe, The Sky Is Pink, ya fito a Oktoban shekarar, bayan ta riga ta yi sallama.

Wannan duk masu tura hoton sun sani. Abin da ba sa faɗa shi ne, a Nuwamban 2020 ta fito ta roƙi masoyanta su cire hotunanta daga shafukansu, su daina yaɗa su, saboda tana son fara sabuwar rayuwa. Ke nan mu da muka zauna muna sa mata albarka, abin da ta roƙa a bari shi muke yi. Kanta a buɗe muke nuna wa juna, da sunan yabo.

Ba ita kaɗai ba ce. Sana Khan ta bar fim a Oktoban 2020, ta auri malami a watan da ya biyo, ita ma har yanzu ana haɗa mata "da da yanzu". A Masar, Shams al-Barudi ta daina fim tun 1982 bayan ta dawo daga Umara, amma finafinanta na nan suna yawo a intanet. Mutum yakan bar fim rana ɗaya, fim ɗin ne ba ya barin sa.

Waɗancan dai suna da suna da kuɗi. Ta gida ce ta hana ni barci.

Akwai ɗiyar wata maƙwabciyata, ba zan faɗi suna ko unguwa ba. Ta taɓa zama a Kano wurin gwaggonta, ta fito a waƙoƙin fim biyu ko uku, cikin 'yan rawan da ke baya. Ba wanda ya kore ta, ita ta tattara kayanta ta dawo gida, ta ce zuciyarta ba ta kwanta da abin ba. Ta shiga Islamiyyar matan aure tana budurwa, ta fara hadda. Wani yaro daga Maradun ya fito, magana ta yi nisa har an kawo gaisuwar iyaye. Sai aka tura wa mahaifiyarsa bidiyon. Ba namiji ne ya tura ba, 'yan uwa. Daga zauren WhatsApp na mata ya fito, irin wanda muke tura azkar da safe. Maganar aure ta mutu a satin.

Kun tuna Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, muna ta kuka, wasu har Sakkwato suke zuwa don su yi kira? Bayan an dawo da layi yarinyar nan ta ce min, "Inna, ni dai lokacin ne na fi samun barci, don na san ba mai tura ni ko'ina." Na rasa abin da zan ce mata.

Mu 'yan jihar nan muna tinƙaho da cewa a Gusau aka fara ƙaddamar da Shari'a a Oktoban 1999, kuma ɗan Bakura ne, Ahmad Sani Yarima, ya yi. To, kullum malamanmu suna karantar da mu falalar rufa wa musulmi asiri, muna gyaɗa kai a aji, mu fito mu danna tura. Ba ina cewa duk wadda ke fim ɓatacciya ba ce, akwai masu ciyar da iyaye da marayu da sana'ar, kuma hisabin kowa na wurin Allah. Amma wadda ta ce ta bari da bakinta, me muke nema a tsohon bidiyonta? 'Ya'yanmu mata na kallon mu. Wadda take TikTok a ɓoye, take tunanin dainawa, in ta ga yadda muka yi da wannan, za ta ce tunda ko ta daina ba za a manta ba, gara ta ci gaba.

Na goge hoton Zaira, na kira ƙawata na gaya mata dalili. Ta ce, "Haba Hajiya, ai yabo ne." Ban ja da ita ba, na ce ta dai goge.

Ɗiyar maƙwabciyata yanzu ita ke koyar da yara bayan la'asar, autana na ajinta. Makon jiya wata dattijuwa ta yi sallama gidana, ɗanta na son yarinyar, ta zo bincike. Ta sassauta murya ta ce, "An ce ta taɓa fim?" Na ce ta taɓa, ta bari shekaru da suka wuce, ita ta koya wa ɗana Fatiha. Ta tambaya ko ina da bidiyon a waya. Na ce ba ni da shi. Ta yi shiru, ta kurɓi ruwa, ta ce za su yi shawara su dawo bayan Sallah.