Ƙanƙarar Texas ba ta ƙaryata zafin Maraɗi ba



Duk shekara, da sanyi ya kama Amurka ko Turai, sai bidiyo su cika mana WhatsApp: motoci sun nutse cikin dusar ƙanƙara, a ƙasa an rubuta, "Wai ina ɗumamar duniyar da nasaru ke damunmu da ita?" Har cikin shirinmu an bugo waya an ce ƙarya ce kawai.

To wannan magana ma aro ce. A Fabrairun 2015 sanata James Inhofe ya shiga majalisar dattawan Amurka da curin ƙanƙara a hannu don ya yi wa masana ba'a. A Janairun 2019 Donald Trump ya yi irin wannan shaguɓe da sanyi ya daskarar da Chicago. Cikin watan nan ɗaya, birnin Adelaide na Ostareliya ya haura digiri 46. Wannan kam ba a turo mana ba.

Ga yadda abin yake. A ƙuryar arewacin duniya, can sama cikin sararin samaniya, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kewayawa lokacin hunturu, tana tsare sanyi kamar yadda shinge ke tsare shanu. In shingen na da ƙarfi, sanyi na zaune gidansa. Wani sa'in iskar can sama ta yi ɗumi kwatsam, shingen ya yi rauni, sai sanyi ya ɓalle ya gangaro kudu. Haka aka yi a farkon Janairun 2021. Cikin Fabrairu sanyi ya isa Texas, wuta ta ɗauke a miliyoyin gidaje, mutum sama da 200 suka rasu. In ka ga shanu cikin gonarka, garken bai ƙaru ba, shinge ne ya faɗi. Sanyin ma wuri ya sauya.

Ita kuwa ƙuryar arewar, tun 1979 tana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya. Wasu masana na ganin wannan ne ke raunana shingen, wasu na cewa hujjar ba ta cika ba tukuna. Gardamarsu ke nan. Batun ko duniya na ɗumama, sun daɗe da gama shi: 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara aunawa.

Yanzu mu dawo gida. A Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Damanar wannan shekarar, ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram tsohon masallacin Birni ya rushe. Mu da ba mu da manyan masana'antu, mu ke biyan kuɗin hayaƙin wasu, kuma mu ke taya su musu. Wallahi abin da ciwo.

In muka yarda ƙarya ce, wa zai matsa wa magajin gari ya yashe magudanai kafin ruwa ya sauka? Wa zai hana raba filaye cikin hanyar ruwa? Wa zai bar sahabi ya girma a gona?

Saboda haka, in bidiyon nan ya sake shigowa wayarka, kafin ka tura, tambayi mai shi: digiri nawa aka yi a Tawa watan Mayun da ya wuce?

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai mun ji ku a shiri na gaba.