Dillancin jirgin ruwa a ƙasar da ba ta da teku

Wata talla ta addabi wayoyin ƴaƴanmu a ƴan watannin nan. Daga TikTok take tasowa, ta bi ta Facebook, ta faɗo zaurukan WhatsApp na ƴan makaranta. Hoton kusan iri ɗaya ne kullum: ƙaton jirgin ruwa fari fat mai hawa sama da goma, shuɗin teku, da wata budurwa tana murmushi da kwamfuta a cinya. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa ka zama dillalin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, kana kwance a ɗakinka, da salularka kaɗai. Sai kuɗin rajista, sai kuɗin wata-wata, sai alkawarin wai watarana kai ma za a ɗauke ka kyauta ka ga duniya. Na haura shekara 20 ina riƙe da alli tun fitowata daga makarantar horar da malamai ta Damagaram, yanzu ina koyarwa a Dakusa, kuma ina faɗa da babbar murya: ga yaron ƙasar nan, abin da ake tallatawa romon baka ne, kuma duk uban da ya sayar da tunkiya ya biya rajistar ya sayi kifi a ruwa.

Sana'ar kanta akwai ta, kada wani ya ce na musa. A Amurka da Turai mutane na cin abinci da ita. Ƙungiyar kamfanonin jiragen shaƙatawa ta duniya, CLIA, ta ƙiyasta fasinja miliyan 31.7 a shekarar 2023, kuma fiye da rabinsu daga Arewacin Amurka suka fito. Kamfanoni irin su Carnival da Royal Caribbean da MSC suna da jirage masu girman unguwa guda. Icon of the Seas, wanda ya fara tashi daga Miami a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. Dillali a can yana zaune ne cikin mutanen da ke da albashi da hutun shekara da fasfo mai buɗe ƙofa, waɗanda tashar jirgin ke kusa da su kamar yadda Kano take kusa da mu.

Ga yadda kuɗin ke shigowa, tunda masu tallar ba sa son a yi wannan lissafin. Dillali ba ya da albashi. La'ada yake ci, galibi daga kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma ba a kan dukkan abin da fasinja ya biya ba, domin haraji da kuɗin tashar ruwa ba sa shiga lissafi. Sabon shiga ba ya hulɗa da kamfanin jirgi kai tsaye, sai ta ƙarƙashin wani babban ofishin dillanci da ke yankar nasa kason. Mu ɗauki misali kamar a aji. Miji da mata sun biya dala 2,000 ta Amurka. A ce 1,500 ce ake cire wa la'ada. Kashi 10 ya zama 150. Babban ofishi ya ɗauki kashi 30 na wannan, saura 105, wajen jikka 60 ke nan a kuɗinmu. Kuma sau da yawa kuɗin ba ya zuwa sai fasinja ya gama biya ko jirgi ya tashi, wata shida ko shekara bayan an yi ciniki. In fasinja ya fasa, wahalarka ta tafi a banza. A duk tsawon wannan jira, kuɗin wata-wata yana fita daga aljihun yaro, ko in faɗi gaskiya, daga aljihun uwarsa mai tuyar ƙosai.

To wa zai saya? Wannan ita ce tambayar da ko ɗan aji shida ya kamata ya yi. Darasin farko na labarin ƙasa shi ne Nijar tana da maƙwabta bakwai kuma ba ta da gaɓar teku. Daga Damagaram kafin ka ga teku a Legas sai ka ci fiye da kilomita 1,000. Mafi ƙanƙantar albashi a hukumance jikka 42 ne, ga wanda ya yi sa'ar samun aikin albashi ke nan. Manomin gero a Dakusa, wanda damuwarsa ita ce ko rumbu zai kai shi damina, shi ne zai biya kuɗin mako guda a tekun Bahar Rum? Attajiran da ke da irin wannan kuɗin a Yamai ko Maraɗi ƴan ƙalilan ne, kuma in za su yi tafiya suna da ofisoshin da suka saba da su shekara da shekaru. Ba za su miƙa miliyoyinsu ga yaron da bai taɓa hawa kwale-kwale ba. Ko an samu mai saye, saura biza. Kuɗin neman bizar Turai kaɗai yuro 90 ne, kusan jikka 59, kuma ba a mayarwa in an hana ka. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ma an rufe shi tun farkon 2024.

Masu tallar suna da amsa a shirye: wai intanet ta kawar da iyaka, kana Dakusa za ka sayar wa Ba'amurke. Ina so a nuna mini Ba'amurken da zai bar dubban dillalan garinsu masu jin harshensa, waɗanda suka shiga jiragen da ƙafarsu, ya tura lambar katin bankinsa ga baƙon da layinsa ke yankewa in iska ta taso, wanda kuma sai ya kai salularsa wurin mai caji a kasuwa. Ciniki irin wannan amana ce ke tafiyar da shi, kuma hoto a waya ba ya gina amana.

Da zarar yaro ya biya ya shiga, sai maganar ta canja. Ba a ƙara yi masa zancen jirgi. Abin da ake ce masa shi ne ya kawo mutum biyar su yi rajista a ƙarƙashinsa, kowannensu ya kawo biyar, shi kuma ya riƙa samun kaso. A nan ne asirin yake, domin kuɗin da ke yawo na masu rajista ne, babu fasinja ko ɗaya a ciki. Na sa ɗalibaina sun yi lissafin a allo. Biyar sau biyar 25, sai 125, sai 625. A mataki na 10 ana buƙatar mutum 9,765,625. A mataki na 11 ana buƙatar fiye da miliyan 48, wato sun fi dukkan mutanen Nijar yawa, har da jarirai. Tun kafin a kai can abin zai tsaya, kuma waɗanda ke ƙasa, su ne mafi yawa, su za su tashi da asara. Na saman ba ya asara. Shi ne wanda kuke gani a hoto kusa da mota.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi tallar kanta ciwo. Wasu daga cikinmu malamai ne ke shigar da yara. Na san halin da malamin kwantiragi yake ciki, na san yadda wata ke yin nisa, ba sai an ba ni labari ba. Amma a ƙauye maganar mushe tana da nauyi. Uban da bai yi lakwal ba, in mushe ya ce masa abu kaza alheri ne, ba ya neman wata shaida. Malamin da ya yi amfani da wannan girma ya sa tsohon ɗalibinsa a ƙarƙashinsa don ya ci kaso, ya sayar da abin da ba nasa ba ne shi kaɗai, domin gobe in na je gidan nan ina roƙon a bar yarinya ta ƙarasa birbe, da wannan idon za a kalle ni. Na san yaro mai ƙoƙari da ya faɗi bak da maki kaɗan, maimakon ya maimaita aji aka ruɗe shi da wannan harka. An sayar da awaki biyu. Yau ba makaranta, ba awaki, kuma yana kauce wa abokan da ya jawo.

Laifin bai tsaya kan waɗannan malamai ba. Makarantarmu tana riƙe yaro shekara 13 ba tare da wani ya zauna da shi ya bayyana masa yadda sana'a ɗaya take kawo kuɗi ba. Muna koya masa kashi cikin ɗari don jarrabawa, ba mu taɓa cewa ya lissafa la'adar dillali da shi ba. Wanda aka bari haka, duk mai hoto mai kyau zai iya jan sa.

Abin haushi, mu Damagarawa ba baƙi ba ne a harkar tafiya. A zamanin Sarki Tanimun, ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus ta Ghat da Agadas su sauka a Zango, a bayan ganuwar Birni, kafin su wuce Kano. Bature Heinrich Barth ya sauka a garin a ƙarshen 1852. Akwai madugu uban tafiya, akwai jagora da ya san kowace rijiya, akwai fatoma mai saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Attajirai irin su Malam Yaro da wannan harka suka yi suna. Kowane ɗayansu ya san hanyar da ƙafarsa, kuma yana da gida da suna a gari, in ya ci amana an san ƙofar da za a buga. Duk da haka, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku, sana'ar ta durƙushe. Dillalin tafiya da hanya yake rayuwa, kuma hanyar jiragen shaƙatawa ba ta biyo ta nan ba.

Ko yawon buɗe idon da muke da shi a gida mun ga raunin sa. Agadas ta ci moriyar Turawa masu zuwa Ayar da Tenere, har tsaron hanya ya lalace, aka soke tseren Dakar na 2008, aka sace ma'aikata a Arlit a 2010. Harin Kure na Agustan 2020 ya ƙarasa abin da ya rage. Su ma manyan jiragen, cutar korona ta tsayar da su cik a 2020, bayan abin da ya faru da Diamond Princess a Yokohama inda mutum fiye da 700 suka kamu. Dillalai masu shekaru a sana'ar sun yi watanni suna mayar da kuɗi.

In yaro da gaske yana son harkar tafiye-tafiye, tafiyar da mutanenmu ke tara kuɗi shekara goma don su yi ita ce Hajji. Kakanninmu sun yi ta da ƙafa ta Chadi da Sudan, su tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu na can a garuruwa irin su Maiwurno. A 2023 Saudiyya ta ba Nijar kujera 15,891, hukumar COHO ce ke kula da tsarin, kamfanoni masu zaman kansu ke rajistar maniyyata, kuma a 2023 kuɗin kujera ya haura CFA miliyan 3. Ga Umara kusan duk shekara. Ga ɗalibai da ƴan kasuwa da marasa lafiya masu neman tikitin jirgin sama. Ga motocin Rimbo da STM da sauransu da ke cika kullum tsakanin Damagaram da Yamai da Agadas. Nan akwai fasinja na gaske, akwai aikin rajista da lissafi da rakiyar alhazai. Ita ma harkar tana da ɓata-gari, kowa ya taɓa jin labarin tsohon da ya sayar da gona aka bar shi a filin jirgi. Shi ya sa take buƙatar yara masu gaskiya da suka iya Faransanci da Larabci da ɗan Turanci, suka iya kwamfuta da ajiyar lissafi. Ana koyon wannan ne a makaranta da kuma zama ƙarƙashin wanda ya iya, a ofishi mai ƙofa da lasisi, kuma mai koyo ba ya biyan kuɗin wata don a bar shi ya yi aiki.

Za a ce ina kashe wa matasa gwiwa, wai ban son su yi mafarki. Na ji. Yankinmu ya san farashin mafarkin da dillalin hanya ke sayarwa. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Su ma wani ne ya karɓi kuɗinsu ya ce musu hanya lafiya. Tallar jirgin ruwa ba ta kai wannan muni ba, amma tana cin shekarar yaro da jarin gidansu, kuma tana koya masa cewa abokinsa ma haja ne.

Iyaye, in ɗanku ya zo da wannan magana, kada ku yi masa tsawa, zai koma ya yi a ɓoye. Ku ce ya kai ku ofishin kamfanin a Damagaram ko Yamai ku ga takardar izininsa. Ku ce ya nuna muku mutum ɗaya ɗan ƙasar nan da ya sayi tikitin jirgin ta hannun wanda ya jawo shi, da rasit. Ku tambaye shi ko zai samu ko dala ɗaya in bai kawo kowa ba. Malamai kuma, a taron iyayen yara na gaba mu ware rabin awa mu yi lissafin biyar sau biyar a allo, da Hausa, a gaban kowa. A makarantarmu na riga na nemi darakta ya sa shi cikin ajandar taron wata mai zuwa, kuma na roƙi liman ya bari a maimaita shi a ƙofar masallaci bayan Juma'a, saboda iyayen da ba sa zuwa taro.