Kafin Ku Tafa Wa Tarakta, Ku Tambayi Girmanta

Ya ku 'yan'uwa manoma na Salaga da Yendi da Bawku.

Duk lokacin da zaɓe ya matso, kun san abin da ke biyo baya. A jera taraktoci sababbi fil a filin taro, a ɗaura musu ƙyalle, a kira makaɗa, manya su hau su ɗauki hoto. Mu tafa, mu koma gida. Ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, sai ka ga dattijo da kuɗinsa a aljihu yana bin direba gona-gona, ana ce masa gobe, ana ce masa jibi. Arewa damina ɗaya gare ta. Wanda aka yi wa huɗa bayan mako uku, a rumbu zai ga abin da ya rasa.

Mu ba mu ce kada a kawo tarakta ba. Tambayarmu ita ce: wace iri, kuma don gonar wa?

Wannan cuta ta daɗe, kuma gaskiya ɗaya ce, babu gwamnatin da ba ta taɓa ta ba. A zamanin Nkrumah an shigo da taraktoci daga ƙasashen gabashin Turai don gonakin gwamnati, da yawa suka mutu a tsaye saboda rashin kayan gyara. A 2007 aka buɗe cibiyoyin haya na AMSEC, ana ba kowace cibiya taraktoci kamar biyar a kan bashi. An kawo Farmtrac da John Deere da Mahindra, daga baya aka kawo wasu daga Barazil. Masu binciken da suka bi sawun shirin sun nuna cewa cibiyoyi da dama sun kasa biyan bashin, domin inji mai tsada da ba ya aiki sai 'yan makonnin huɗa ba zai mayar da kuɗinsa ba. A gefe guda, mutanen da suka sayi tsohuwar Massey Ferguson da guminsu suna nan suna aiki, domin kowane bakanike ya san cikinta, kuma kayanta na nan a Tamale da Suame Magazine a Kumasi. Wasu ma daga Ejura suke tasowa, su gama huɗar kudu, su biyo ruwa zuwa arewa.

To, ku dubi ƙasarmu da kanku.

A yankin Salaga akwai fili. Mai eka hamsin na masara, ko mai shinkafa a fadamar Katanga, babbar tarakta yake buƙata, mai ƙarfin doki 60 zuwa 75, wadda za ta ja garma mai faifai uku a ƙasa mai nauyi. In ka ba shi ƙarama ka cuce shi: injin zai yi ta haƙi, ya sha mai, ya mutu da wuri. Sai dai ko a can, sabuwar gona cike take da kututture, kuma kututture ɗaya ya isa ya fasa taya ko ya karya faifai. Mai doya kuwa, ko an yi masa huɗa, tara ƙasar shuka sai da fartanya.

A Yendi da ƙauyukanta, yawancin masu masara da waken soya da gyaɗa 'yan ekoki kaɗan gare su, ga kaɗanya da ɗorawa tsaye a tsakiyar gona. Waɗannan itatuwa abincin mata ne, da su ake biyan kuɗin makaranta. Babbar tarakta ba ta son kwana-kwana, direba kuma da eka ake biyansa, don haka ko ya tsallake ƙaramar gona, ko ya ce a sare itacen. Matsakaiciya mai doki 35 zuwa 50 za ta shiga ta fita ba tare da an taɓa kaɗanya ba. A Indiya, ƙasar da ta fi kowace ƙera tarakta a duniya, mafi yawan abin da manoma ke saya bai wuce doki 50 ba. Su da ke ƙera ta ke nan.

Bawku kuwa labarinta daban ne, kuma nan aka fi yi mana rashin adalci. Mutane sun yi yawa, gona ta yi kaɗan, gero da dawa a jikin katangar gida suke. Ƙasar ba ta da zurfi. Ka sa faifai mai nauyi ya yi ta juya ta shekara da shekaru, sai ka tono tsakuwa da marmara, ruwa ya kwashe ta sama ya tafi da ita. Tun shekarun 1930 aka kawo garmar shanu wannan yanki, ta kuma zauna domin ta dace da ƙasar. Yau shanun huɗa sun yi tsada, ɓarayi na kora su, yaran da ke kiwon su suna makaranta. Abin da zai maye gurbinsu shi ne ƙaramin inji mai ƙafa biyu, na doki 12 zuwa 15, wanda mutum ke bi a baya. Da damina ya yi huɗa. Da rani ya juya famfon ban-ruwa a lambun albasa a bakin kogi, ya ja amalanke zuwa kasuwa, ya juya injin sussuka. Injin da ke aiki wata goma shi ke biyan bashinsa.

Wani zai ce wannan ai abin wasan yara ne. Ya tambayi Bangaladash. Bayan ambaliyar 1988 gwamnatinsu ta sassauta dokar shigo da ƙananan injuna daga Sin, 'yan kasuwa suka kawo, makanikan ƙauye suka koyi gyara, yau mafi yawan gonakin ƙasar da irin waɗannan injuna ake nome su. Ba a yi bikin miƙa mabuɗi ba, shi ya sa ba ku ji labarin ba.

Me ya sa mu har yanzu ake kawo girma ɗaya a raba wa kowa? Domin a Accra ake zaɓa, kuma babba ta fi kyau a hoto. Sannan ku duba hannun da take faɗawa. Mai eka uku ba shi da kuɗin ajiya na farko, ba shi da wanda zai tsaya masa. Ƙarshenta tana gidan wanda dama yake da hali, ya gama tasa gonar, ya gama ta abokansa, sannan a tuna da kai.

Abin da muke nema a fili yake. A ƙidaya gonakin kowace gunduma kafin a yi odar komai. A bar ƙungiyar manoma ta zaɓi injin da take so, a ba ta bashi mai sauƙi, maimakon a saya a ɗora mata. Kada a shigo da samfurin da babu kayan gyaransa a Tamale ko Bolga. A horar da matasan zango tuƙi da gyara, domin direban da bai iya saita garma ba yana lalata inji da ƙasa a lokaci guda. A liƙa sunayen waɗanda suka karɓa a ofishin gunduma, kowa ya karanta.

Kai kuma ɗan'uwa da ɗanka ya aiko maka da kuɗi daga Kumasi ko daga waje, kada girman taya ya ruɗe ka. Ka lissafa ekokinka da na maƙwabtan da za su yi haya. Ka fara zaɓen garma da tirelar da aikinka ke so, sannan ka nemi injin da zai ja su. Ka je wurin bakaniken garinku kafin ka je wurin dillali.

Idan ɗan takara ya zo garinku, ko namu ne, ya ce zai kawo taraktoci, ku miƙe ku tambaye shi: doki nawa, wa zai riƙe mabuɗi, kuma in ta lalace ranar Laraba a tsakiyar Yuni, a wane shago za a samo kayanta kafin Juma'a?