ZAUREN IYALI: Wane Abin Saurare Ya Dace Da Mai Motsa Jiki?

 

A ƴan shekarun nan tattaki da sassarfa sun samu karɓuwa a garuruwanmu. Daga kewayen filin wasa na Seyni Kountché a Yamai har zuwa manyan titunan Maraɗi da Damagaram, za ka ga samari da dattawa da iyaye mata suna ta ɗaga ƙafa da sanyin safiya, da yawansu bisa umarnin likita saboda hawan jini ko ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta shawarci kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wanda ya yi daidai da rabin awa a kwana biyar. Rabin awa kuwa tana da tsawo ga mai tafiya shi kaɗai, shi ya sa mutane suke soka abin saurare a kunne, wannan yana bin labaran rediyo, wancan yana sauraron karatu. Wannan ɗan abu da muke kira ekutar, maƙwabtanmu na Nijeriya kuma suke cewa iyafis, shi ne batunmu na yau, domin yana cin kuɗin gidaje a ɓoye, kuma idan aka yi sakaci yakan ci abin da ya fi kuɗi, wato jin mutum.

Abokan gabansa uku

Abin sauraren da ake amfani da shi a ɗaki daban, wanda ake fita gudu da shi daban. Na biyun yana fama da gumi da ƙura da zafi. Gumi ruwa ne mai gishiri, idan ya shiga ciki sai ya riƙa cin ƴan ƙarafan da lantarki yake bi, har wata rana a wayi gari kunne ɗaya ya yi shiru. Ƙurar hunturu takan haɗu da dauɗar kunne ta toshe ƴar ragar da sauti yake fitowa, sai mai shi ya ɗauka abin ya lalace, alhali wanki kawai yake bukata. Zafin bazara kuma, wanda a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a yankinmu, shi ne babban mai gajarta ran batir.

Saboda haka, kafin ka dubi kala ko kyan kwali, nemi haruffa biyu: IP. Wannan ma'auni ne na ƙasa da ƙasa, kuma lambobi biyu ne suke biye da haruffan. Ta farko tana nuna juriyar ƙura, ta biyu juriyar ruwa. Idan ka ga X a maimakon lamba, ma'anarsa ba a gwada wannan ɓangaren ba. IPX4 yana jure fantsamar ruwa ta kowace fuska, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da mai motsa jiki ya kamata ya karɓa. IPX5 yana jure ruwan da aka feso da ƙarfi. IPX7 yana iya nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30. A ɓangaren ƙura kuwa, lamba 5 tana nufin ƙurar da za ta shiga ba za ta hana shi aiki ba, lamba 6 kuma ba ta shiga sam. Ga mazaunin Sahel, IP54 ko IP55 ya fi IPX7 amfani, domin ƙura muke sha kusan rabin shekara, ba iyo muke yi ba. A lura kuma, da ruwa mai daɗi ake yin gwajin, ba da gumi ba, kuma galibi lambar ba ta shafi ɗan akwatin da ake cajinsa a ciki ba.

Mai igiya ko maras igiya?

Tun da kamfanin Apple ya fitar da iPhone 7 a 2016 ba tare da ƴar ƙofar nan mai milimita 3.5 ba, wasu kamfanoni suka bi sahu, ƙananan ƴan kunne masu aiki da Bluetooth suka cika kasuwa. Amma wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda suka fi yawa a hannun jama'armu, da damansu har yanzu suna da wannan ƙofa. Don haka duba wayarka tukuna kafin ka nufi kasuwa.

Mai igiya shi ya fi araha, ba ya bukatar caji, ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Rauninsa guda ne: siraran wayoyin da ke cikin igiyar sukan tsinke a gindin filogi saboda yawan lanƙwasawa. Zaɓi wanda filoginsa ya karya kwana, kuma gindinsa yake da roba mai kauri. Idan za ka gudu, zura igiyar ta cikin riga, kada ta riƙa lilo tana fizgar kunne.

Ƴan biyun nan marasa igiya ko kaɗan suna da daɗin sha'ani, amma akwai abin da mai saye ya kamata ya sani. Batirinsu ɗan mitsitsi ne, ƙarfinsa yana raguwa da kowane caji, kuma an manne shi a ciki ta yadda mai gyara ba ya iya canza shi cikin sauƙi. Bayan shekara biyu zuwa uku, wanda yake ɗaukar awoyi sai ya koma mutuwa tun ba a gama zagaye ba. Ga kuma haɗarin ɗaya ya faɗa cikin rairayi ya ɓace, a bar ka da ɗan'uwansa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wanda ake ratayawa a wuya, mai igiya gajeriya da ta haɗa kunnuwan biyu. Batirinsa ya fi girma, idan ɗaya ya zame ba ya kaiwa ƙasa, kuɗinsa kuma bai cika yawa ba. A ganinmu, shi ne ya fi dacewa da mai matsakaicin ƙarfi wanda wayarsa ba ta da ƙofar igiya.

Ko wanne ka ɗauka, tabbatar yana zama a kunne. Mai kyau yakan zo da robobi kashi uku, ƙanana da matsakaita da manya. Gwada su duka, ka girgiza kai, ka ɗan yi tsalle. Wanda ya faɗo a gaban mai shago, to a kan titi ma zai faɗo. Ga mai gudu sosai, wanda yake da ƙugiya ta bayan kunne ya fi aminci.

A gaban mai shago

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A ƙaddara ka sayi na sefa 1.000 yana mutuwa duk bayan wata biyu. A shekara ka kashe jika shida. Wani kuma ya sayi na jika biyar ya yi shekara biyu da shi. Wa ya yi tattali a cikinku? Amma kada wannan ya sa a ɗauka cewa tsada ita ce inganci. Kasuwa cike take da na jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, kuma na jabu yana iya rubuta kowace lamba a kwalinsa. Duk wanda ya ce zai sayar maka da AirPods a kuɗin buhun gawayi, ya riga ya gaya maka gaskiyar kayansa. Gara ƙaramin kamfani na gaskiya da babban suna na ƙarya.

Kada ka yi cinikin biri a sama. A buɗe kwalin a gabanka, a haɗa da wayarka, ka saurari kunnen dama da na hagu dabam-dabam. Kira wani ka ji ko yana jin muryarka. Idan mai igiya ne, murza gindin filogi yayin da sauti yake tashi; in ya yi ƙarar-ƙarar, ajiye shi. Sannan ka tambayi garanti, ka karɓi rasit, ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya maido da shi.

Kunne ba shi da na canji

Nan ne muke roƙon iyaye su saurara da kyau. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne suke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take ganewa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su sannu a hankali, ba ciwo ba jini, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. OMS ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda irin sauraron da suke yi. A 2019 ta haɗa kai da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ƙa'ida: babba yana iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci gida biyu. A desibel 90, awa huɗu ke nan a mako. A desibel 100 kuwa ko rabin awa bai cika ba. Wayoyi da yawa suna iya kaiwa nan idan aka ƙure su.

Mai motsa jiki ya fi kowa faɗawa wannan tarko, domin hayaniyar titi takan sa ya riƙa ƙara murya bai sani ba. Shawara ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. Idan ɗanka yana sanye da abin saurare, ka yi masa magana daga nisan hannu bai ji ba, to ya yi yawa. Idan ka cire naka ka ji kunne yana kuka, ko maganar mutane ta dushe, kunnen ne yake kai ƙara. In hakan ya ci gaba, a tafi asibiti.

Sai batun hanya. Tun ranar 1 ga Yuli 2015 Faransa ta haramta wa direbobi da masu babur da masu keke sanya abin saurare a kunne. To, ina ga mai gudu a titin da ba gefen masu ƙafa, ga kabu-kabu ga amalanke ga manyan motoci? Bar kunne ɗaya a buɗe, ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, kuma ka kashe tsarin toshe hayaniyar waje idan naka yana da shi. Akwai wani iri da ake ɗorawa a kan ƙashin gaban kunne, yana aika sauti ta ƙashi ya bar ramin kunne a buɗe. Ya dace da titi ƙwarai, sai dai na kirkinsa yana da tsada.

Kulawa ita ce rabin ƙarko

Da ka dawo gida, goge shi da busasshen ƙyalle, ka bari ya sha iska kafin ka mayar da shi akwati ko ka sa caji. Sau ɗaya a mako cire robobin ka wanke su da ruwa da sabulu, ka share ragar da tsohon buroshin haƙori, ba da allura ba. Kada ka bar shi a rana ko a cikin mota a rufe. Kada ka naɗe igiya tamau a jikin waya. Kuma a gida kowa ya riƙe nasa, domin aron abin kunne hanya ce ta yaɗa ciwon kunne tsakanin yara.

Wanda ya kiyaye waɗannan, kuɗinsa sun tsira, jinsa ya tsira, tattakinsa kuma ya ɗore. Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.