Koyon Aiki a Abuja: Ɗaliban Suleja da Takardar Babban Mutum

A kowace shekara, da zarar jami'o'i da kwalejojin fasaha sun saki ɗalibansu don su tafi koyon aiki, sai garin Suleja ya cika da baƙin samari da 'yammata, kowa da ambulan a hammata. Wasu daga Minna suke, wasu daga Bida ko Zungeru ko Lapai, wasu ma tun daga Zariya da Kano. A cikinsu akwai 'ya'yan Hausawan kurmi masu yawa, waɗanda iyayensu ke Agege ko Idi Araba a Ikko, ko Sabon Badun, ko Shagamu, aka mai da su Arewa karatu. Dalilin sauka a Suleja kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin haya a cikin Abuja ya fi ƙarfin talaka, ga shi kuma kusan kowa yana da kawu ko gwaggo a Suleja, ko a Madalla, ko Kwamba, inda zai sami tabarma da tuwon dare. Daga nan ake yin sammako a shiga babban birnin Tarayya neman abu guda, watau takardar da wani ofishin Gwamnati zai bayar cewa ya yarda ya karɓi ɗalibi.

Shirin da ya kawo wannan zirga-zirga shi ne wanda ake kira SIWES, 'yan makaranta kuma suna ce masa ai-ti. Hukumar ITF mai hedkwata a Jos, wadda aka kafa a 1971 don horar da ma'aikatan masana'antu, ita ce ta ƙirƙiro shi a 1973, saboda masu kamfanoni suna kukan cewa makarantu na yaye injiniyoyin da ba su taɓa riƙe sifana ba. Ɗan jami'a yakan yi kamar wata 6, ɗan kwalejin fasaha wata 4, yana rubuta aikin da ya yi kullum a wani littafi, mai kula da shi yana sa hannu. Ba wasa ba ne, domin akwai maki a kai, wanda bai yi ba kuwa ba zai karɓi takardar kammala karatunsa ba.

Niyya kam mai kyau ce. Amma fa an bar wata ƙofa a buɗe, kuma ta nan ɓarna take shiga. A mafi yawan makarantu abin da ake yi wa ɗalibi shi ne a ba shi wasiƙar gabatarwa, a ce je ka nemo wa kanka wuri. To, yaro ɗan shekara 20 da bai san kowa ba a Abuja, ina zai dosa? Kowa idonsa na kan wurare 'yan kaɗan masu suna, irin su Babban Bankin Nijeriya, da kamfanin mai na NNPC, da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, da manyan ma'aikatun da ke Sakatariyar Tarayya. Kujerun kaɗan ne, masu nema ba iyaka. Inda duk ba a yi shelar yawan waɗanda za a ɗauka ba, ba a faɗi ranar rufe karɓar takardu ba, ba a kuma bayyana ma'aunin zaɓe ba, to ma'aunin da zai rage shi ne wa ka sani. Shi ya sa uban yaro a Ikko yake kwana buga waya yana neman wanda ya san wani darakta, ko wani ɗan majalisa da zai rubuta layi biyu a bayan katinsa. Ɗan mai sayar da goro ko shanu da wuya ya sami irin wannan kati, sai dai takardarsa ta kwana wajen masu gadi.

Wannan ba daidai ba ne, kuma ba abin da ya gagari gyara ba ne. A shekarar da aka fara SIWES, watau 1973, a cikinta aka kafa hukumar yi wa ƙasa hidima, wadda har yau ita ke rarraba dubban matasa jiha-jiha. A 1978 hukumar JAMB ta fara shirya jarrabawar shiga jami'a ta bai ɗaya. Ko likitoci sababbin yaye, waɗanda suka daɗe suna yawon asibitoci neman gurbin aikin shekara guda na gwaji, tun 2021 majalisar kula da aikin likita ta buɗe musu shafi a intanet inda ake neman gurabun asibitocin Tarayya. Babu ɗayan waɗannan da ya kuɓuta daga ƙorafi, amma aƙalla mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Me zai hana a tilasta wa kowace ma'aikata ta sanar da yawan ɗaliban da za ta iya ɗauka, da fannoninsu, da ranar da za a liƙa sunayen waɗanda suka dace? Tsarin mulkin 1999, a sashe na 14, ya ce a yi raba daidai tsakanin sassan ƙasa cikin harkokin Gwamnatin Tarayya. Idan ana kiyaye wannan wajen naɗa minista, bai kamata a manta da shi wajen ɗalibin da zai fara taka matakalar ofis ba.

Sai maganar kuɗi. Alawus ɗin da aka daɗe ana ba ɗalibi a wannan shiri naira 2,500 ne a wata, kuma sau da yawa sai bayan an gama ake ganinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan kuɗi ba zai kai yaro Abuja daga Suleja ya komo da shi na mako guda ba. Ke nan ko an sami gurbin, aljihun uba ne zai ɗauki nauyin.

Amma ba Gwamnati kaɗai ke da laifi ba, iyaye ma suna da nasu kason. Da yawa abin da suke so shi ne a ce ɗan Alhaji wane yana aiki a ofishi kaza a Abuja, ko da kuwa aikin bai wuce ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan da sayo wa manya abincin rana ba. Suna zaton daga nan za a riƙe shi aiki, alhali kuwa ɗaukar aikin Gwamnati hanyarsa daban ce, sai an gama karatu an yi wa ƙasa hidima. Abin mamaki, uban nan yana zaune ne a tsakiyar masana'antun ƙasar nan. Ga Ikeja, ga Apapa, ga Ilupeju, ga Ota da Agbara a Jihar Ogun, inda injina ke juyawa dare da rana. Ɗalibin injiniya ko na kimiyyar abinci da ya yi wata 6 a can, yana kwana a ɗakin uwarsa, zai koma makaranta da abin da ba a samu a kan kujerar ofis. Sai ga shi an tura shi Suleja ya zama nauyi a kan dangi.

Suleja ɗin ma tana da abin tunawa a kan wannan. A farkon shekarun 1950, lokacin da garin ke amsa sunan Abuja, Gwamnatin Arewa ta buɗe makarantar koyon ginin tukwane a can a ƙarƙashin wani Bature mai suna Michael Cardew. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata mata Bagwariya, Ladi Kwali, kuma a 1954 ta zama mace ta farko da aka ɗauka a wurin. Aikin hannunta ne ya shigar da ita, shi ya kai ta Ingila da Amurka, yau ga hotonta a bayan naira 20.

Kafin hukuma ta gyara, akwai abin da iyaye za su iya yi. Yaro ya fara nema wata 3 ko 4 kafin a sake su, kada ya tsaya wuri guda, kuma ya karɓi shaidar cewa an amshi takardarsa. Wanda aka haifa a kurmi ya tanadi takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar iyayensa tun da wuri, domin wasu wuraren sukan nema, samunta kuwa yana cin lokaci ga wanda mai unguwa bai san fuskarsa ba. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sayar da gurbi, a guje shi. Sarakunan Hausawa na Ikko da Badun da Shagamu, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Mile 12, suna hulɗa da masu kamfanoni kullum. Da za su riƙa tattara sunayen ɗaliban unguwanninsu a farkon kowace shekara su miƙa wa waɗannan kamfanoni, da yara da yawa ba su hau motar Suleja ba.